Kabari na Goma Sha Bakwai

Masu aikin hanya ne suka ci karo da maƙabartar wani tsohon ƙauye, wadda ta shekara ɗari bakwai a ƙarƙashin gonaki. Aka ba jami'a kwana goma ta kwashe abin da za ta iya kafin katafila ta bi ta kai. A duk tawagar babu wanda ya kai Dakta sanin ƙashi, sai dai shan inna ya cinye masa ƙafar dama tun yana ɗan shekara huɗu, ramin da ake tonon kuwa ya fi tsayin mutum biyu, sai da tsani ake sauka. Don haka aka ajiye shi a rumfa, sandunansa jingine da tebur, ana hawo masa da ƙasusuwa a tire yana wankewa yana aunawa.

Rana ta takwas da hantsi, tsohon lebura da kowa ke kira Baba ya dire tire a gabansa yana murmushi.

"Dakta, yau dai na tono maka 'yar'uwarka."

"To Baba, ka gaishe ta kuwa?" in ji Dakta, yana dariya.

Da ya ɗaga ƙashin cinyar, dariyar ta tsaya. Siriri ne kamar kara, gajere, kansa bai taɓa zama daidai a kwankwaso ba. Ya duba muƙamuƙin: mace ce, haƙoranta sun siɗe irin na wadda ta haura hamsin. Ƙashin damtsenta kuwa ya fi na maza da yawa kauri. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba, da hannu ta yi ta jan jiki, kuma ta tsufa. Ke nan akwai wanda ya yi ta ɗebo mata ruwa, akwai wanda ya riƙa ɗaukarta in damina ta ɓata hanya.

"A ina take kwance, Baba? Cikin mutane ko can gefe?"

Baba ya sosa ƙeya. "Wallahi ɗalibai sun riga sun kwashe na kusa da ita. Amma sauran jikinta na nan. Na ga wani ɗan dutse mai huda wajen hannunta, kamar na kaɗin zare."

Abin da Dakta ya shekara ashirin yana nema ke nan: shaidar cewa magabata ba su yar da irinsa ba. Amma sai ya gani da idonsa kafin a ɗaga, yadda aka kwantar da ita, da launin ƙasar da ke nuna iyakar kowane kabari. Ya ɗauki sandunansa ya nufi Farfesa, shugaban aikin.

"Ranka ya daɗe, minti goma kawai nake roƙo a cikin ramin."

"Haba Dakta. In ka faɗo, me zan ce wa mai ɗakinka? Doka ma ta hana."

"Ni zan goya shi," in ji Baba. "Buhun siminti ma ya fi shi nauyi."

Leburori suka yi dariya. Farfesa bai yi ba. Ya dafa kafaɗar Dakta a hankali, ya ce za a ɗauko masa hoto.

Hoton ya zo, babu komai a ciki sai hasken rana da jar ƙasa. Dakta ya ajiye sandunansa, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, ya leƙa, yana ɗaga murya yana gaya wa ɗalibai inda za su share. Ƙarar injinan masu hanya ta haɗiye maganarsa. Su kuwa sai ɗaga masa hannu suke yi, suna cewa ya ja baya kada ya zamo.

Da la'asar hadari ya haɗo. Aka ja leda aka rufe, amma ruwan ya fi ƙarfin leda. Dakta yana rumfa yana kallo bangon ramin ya tsage, ya zube a kan layin kaburburan gaba ɗaya. Washegari Farfesa ya je roƙon ƙarin kwana uku. Injiniyan masu aikin hanya ya ba shi haƙuri, ya nuna masa takardar wa'adi.

A gida matarsa ta same shi gaban kwamfuta, abinci ya huce.

"Baban yara, ba Baba ya ce ya ga dutsen ba? Ka rubuta mana."

"Ban gani ba. Abin da ban gani ba, ba ya shiga rahoto."

"To yanzu shi ke nan?"

Ya rubuta cewa mace ce mai kimanin shekara hamsin, mai lalurar kwankwaso tun haihuwa. A gurbin matsayin kabari ya sa: ba a tabbatar ba.

Bayan mako biyu ya je ɗakin ajiya yana so ya sake auna damtsen. Mai kula da ɗakin ya tafi hutu, ya jera sababbin kwalaye a kan wata kanta can sama, kusa da rufi. Dakta ya tsaya a ƙasa yana karanta lambar kwalinta, goma sha bakwai, daga nesa. Ya jira ko wani zai wuce ta barandar. Da babu wanda ya zo, ya kashe fitila ya ja ƙofar.