Kek Ɗin da Ba Na Sayarwa Ba

Tun da likita ya raba Rosaire da sukari, Ghislaine ke gasa masa kek ɗinsa daban, na lemun tsami, da garin zaƙin nan na masu ciwon suga. Kullum da hantsi zai faka tsohuwar motarsa a ƙofar shagon kofinta, a ƙauyensu na lardin Kebek a ƙasar Kanada, ya kakkaɓe ƙanƙarar takalminsa, ya ci, ya kushe, ya tafi. Ita bazawara, shi gwauro. Duk ƙauyen ya san abin da ke ranta, ban da gogan naka.

Sai ga sabuwar duba-gari, yarinya mai fara'a da kafiya. Ta ɗaga gwangwanin garin zaƙin ta karanta.

"Madam, irin wannan doka ta yarda ki ajiye a tebur, mai so ya barbaɗa da hannunsa. Amma ki kwaɓa a abincin sayarwa, a'a."

"To, ba duk ciki ɗaya za shi ba?"

"Ni dai ba ni na rubuta ba."

Ghislaine ta gwada irin waɗanda doka ta yarda da su. Rosaire ya ce na farko ƙarfe-ƙarfe yake, na biyu kuma man goge baki. Ranar da haushi ya ishe ta, ta dire masa kek babu zaƙi ko ƙanƙani, ta tura masa gwangwanin. Ya barbaɗa, ya gatsa, fuska ta yamutse.

"Ke Ghislaine, me na tsare miki? Sama biki, ƙasa makoki!" Ya ture farantin. "An ce babban kantin birni na da kek na irinmu. Can zan koma."

Ba cinikin take ji ba, hantsin da babu shi take tsoro.

"Na sayarwa doka ta hana," ta ce tana goge teburin da ba datti. "Wanda na gasa a gidana, ba ruwan gwamnati."

"To gasa a gida ki kawo."

"Yana shigowa shago ya zama haja, tsoho."

"Sai in riƙa zuwa gidan."

"Kullum? A matsayin wa? Ka manta bakin matan coci?"

Rosaire ya cire hula, ya sosa sanƙo, ya mayar. Kunnuwansa suka yi jajir.

"In mutum mijinki ne fa, duba-gari na leƙa masa kicin?"

"Ba ta leƙawa."

"To... ki tambayi limamin coci ranar da yake da sarari."

Ta juya wajen injin kofi don kada ya ga idonta.

"Fara cinye wannan tukuna. Ba na auren mai ɓarna."

Ya jawo farantin. Yana runtse ido, yana haɗiya da ƙyar, bai bar ko ɓurɓushi ba.