Akuyar Wasila da Masassarar Abarshi

Abarshi ya tsufa yana jan kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, daga Malbaza zuwa duk inda ake gini, amma ɗakinsa na Dogarawa ko cokali ɗaya na siminti bai taɓa gani ba. Daɓen ƙasa ne, duk ramukan ɓeraye. A nan yake shimfiɗa tabarma ya kwanta, wai gado yana sa shi ciwon baya.

Da masassara ta kayar da shi, sai da haƙoransa suka yi ta kaɗawa. Cikin rawar ɗari ya ɗaga yatsa ya yi alkawari: in Allah ya tashe shi, zai zubar da jini ya yi sadaka. Bai faɗi jinin dabbar wa ba. Shi dai ko kaza ba shi da ita. Duk abin da ke yawo a gidan na matarsa Wasila ne.

Bayan 'yan kwanaki ya yi gumi sharkaf, ya miƙe garau. Aka yanka zakara. Maƙwabcinsu Chindo, wanda hancinsa ba ya kuskuren hayaƙin gidan mutane, shi ya fara zuwa barka, shi ya tashi ƙarshe.

Ba a jima ba masassara ta dawo kamar ta manta takalminta. Abarshi ya sake alkawari, ya haɗiyi ƙwayoyin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, na mai talla, ya warke, aka yanka zabbi. Ta sake dawowa, ya sha jiƙon sabara, ya warke, agwagwa ta bi su. Kowane zuwa da maganin da ake yaba wa, kowace tafiya da abin da ake figewa. Chindo har wuya ya yi.

Abin da ya rage sai Fara, akuyar da mahaifiyar Wasila ta bar mata. Tana son akuyar nan so na gaske, tana ba ta ƙanzo daga hannunta, tana yi mata hira in tana daka. Rannan ta tsinkayi Chindo yana leƙen turke ta kan darni.

"Wagga akuya ta yi ƙiba, tubarkalla," in ji shi. "Yaya jikin maigidan?"

"Da sauƙi," ta ce, ranta a ɓace.

Da masassara ta sake kama Abarshi, kafin ya gama ɗaga yatsa ta riƙe hannun.

"Maigida, aje yatsan ga. Asibitin Konni za mu."

A asibiti aka gwada palu, babu. Likita ta sake ɗibar jini tun jikin yana zafi, ta duba, ta tambayi inda yake kwana. Ta ce wata ƙwayar cuta ce da ƙananan kaska ke sa wa mutum, irin waɗanda ke zama cikin ramin ɓera, su cije shi yana barci su koma. Ita cutar haka take, ta lafa da kanta ta dawo da kanta.

"To sabarar fa?" in ji Abarshi.

"Ko ba ka sha komi ba, da ta lafa."

"Da zabbina na nan," Wasila ta ce, ba da kowa take ba.

Likita ta ba shi magani, ta ce ya shanye duka, a kuma toshe ramukan a yi daɓen siminti, in ba haka ba wani cizon na nan tafe. Ta tambayi sana'arsa. Abarshi ya dubi silin.

Wannan karon ya warke da gaske. Ya ce tunda babbar waraka ce, babbar sadaka ta kama, siminti kuma a bari sai bayan damina. Ya aika wa maƙwabta, ya zauna yana wasa wuƙa.

Ranar sadaka, Chindo ya iso da kwanonsa a hammata, mutane na biye. Suka tarar da turke wayam, igiya a ƙasa. Gefensa buhunan siminti ne da tulin yashi.

"Ina Fara?" Abarshi ya daka tsawa.

"Tana Tajaye, garken ƙanena. Na ba shi ita, ya ba ni wanga." Ta miƙa wa Chindo shebur. "Kun ci lahiyatai sau ukku. Yau ku kwaɓa ta."

Kunya ta hana su juyawa. Chindo ya kwaɓa siminti yana huci, Abarshi ya durƙusa yana cusa siminti a ramin ɓera da hannunsa, karon farko da ya taɓa kayan da ya yi rayuwa yana ɗauka.

Da yamma Wasila ta kankare tukunya, ta fito da ƙanzo a tafin hannu kamar kullum. Sai da ta kai bakin turken ta tuna. Ta tsaya nan ta yi kukanta, don ta san Fara tana can da rai, amma ba tata ba ce kuma.