Ba a Kiran Sunan Dodo

…kuma wai wannan ba kasuwa ba ce, in ji wana Dotun, Boda Dotun kamar yadda muke kiran na gaba. To mece ce? Ga tebur, ga ƙyallen adire a shimfiɗe, ga 'yan tsanata na kwarashi a jere. Zauren ya cika tun ba a gama kunna fankoki ba. Mai fukafukan kwali, mai takobin soso, wata ta shafe fuska da shuɗi har kunne, gumi yana wanke mata. Masoya littattafan zane, kowa da shigar gwaninsa. Mutanena ke nan, kuma Allah ya sani ina son su.

Yatsuna na zugi. Watanni ina saƙa a cikin motar haya ta danfo, zare a cinya, cunkoson Legas yana taya ni. Ba komai, daɗi nake ji. Ebuka mai zane, na teburin gefe, ya miƙo min fanke a takarda. "Tinuke, ci kafin su cinye ki." Mutumin kirki, sai dai surutu.

Ba a buɗe min kasuwa ba tukuna. Iya Agba, kakarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce mai sayen farko kada ki bari ya tafi hannu wofi, shi ke jawo sauran. Ke da barkono a kasuwar Mushin, ni da 'yan muzuraye masu alkyabba… duk ciniki ne, ko ba haka ba, Iya?

"Ki gama digiri ki ƙare a wasan 'yar tsana." A gaban mahaifiyarmu Mami Boda Dotun ya faɗa, ranar Lahadi, bakinsa cike da amala. Babban wana, ma'aikacin banki, wuya a ɗaure kullum. Ban tanka ba. Na tanka mana — a banɗaki, ni kaɗai. Ba wani abu nake nema a wurinsa ba. Sau ɗaya dai ya ɗauki guda, ya juya ta, ya ce ke kika yi wannan? Shi ke nan fa.

Yauwa, ga shi nan tafe! Mai shigar Kyaftin Ologbo, muzurun nan na littafi, ƙaton kai, gashin baki na tsintsiya, ko fatarsa ba a gani. Bara shi ya buɗe min kasuwa, bara waccan ma shi. Ba ya magana, haka wasan yake, sai nuni. Ya ɗauki ƙarama mai alkyabbar adire, ya kifa ta, yana duba inda nake ɓoye ƙullin zare… ba kowa ke duba nan ba. Ya rungume ta a ƙirji. Dariya nake, ina ƙara masa maƙalin makulli gyara.

Zafin bana ya yi yawa, ya cire safar hannu zai biya. Ya miƙo da hagu. Ya tsaya. Ya janye kamar wanda ya taɓa tukunyar zafi, ya sauya zuwa dama.

Ludayin Iya a bayan hannu, ƙwas! Ba a miƙa wa mutum abu da hagu, ɗan nan. Yaro bahago yana kuka a bayan ƙofa, ni ina leƙe. Ga ma tabon nan a gindin babban yatsa, na gwangwanin madara…

Boda—

A'a. Haɗiye, Tinuke. Ranar da dodon egungun ya fito a unguwarmu, na hango ƙafafun Baba Tela na layinmu a ƙarƙashin tufafin, na buɗe baki, Iya ta toshe shi da tafinta mai yaji. Ko kin gane ƙafarsa, ba a kiran sunan dodo. Durƙusa ki gaishe shi. In kika kira, ba zai sake fitowa ba.

Ina karɓa da hannu biyu. Ina ɗan rusunawa, yadda ake yi wa babba. "Kyaftin, a gaida gida." Ya jinjina ƙaton kan, ya juya, jela tana jan ƙasa, taro ya haɗiye shi.

"Wannan naki ba ya fashi," in ji Ebuka.

Ba ya fashi.

Ga wasu 'yan mata sun nufo, kasuwa ta buɗe, Iya ta yi gaskiya. Murmushi ya ƙi barin bakina. To a ina Boda yake ajiye 'yan tsanan? Durowar ofis? Ƙarƙashin gado? Gobe Lahadi, gidan Mami. Zai ce wasan 'yar tsana, bakinsa cike da amala, ni kuma in zuba masa miya… in ƙara masa nama… in yi shiru?

Iya, in dodon ya tuɓe kayansa ya zauna cin abinci kusa da ke — nan ma ba a kira?