Sukarin da Ya Ƙi Narkewa

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, kuma har yanzu ba ta sha ba. Tsohon malamin kimiyya yana tsaye a kicin, yana juya cokali a kofi. Ruwan gishiri da sukari. Matarsa tana kwance a ɗaki, tun shekaranjiya cikinta ba ya riƙe komai, leɓɓanta sun bushe. Babbar 'yarsu ta faɗa a waya, babu wasa a muryarta: "Baba, in na zo ba ta sha ba, da ita zan tafi. Kai ma ai jinya kake buƙata."

A tafi da ita ina? Gidan da ba ta san inda makunnin fitila yake ba?

Ya ƙara sukari. Ai tana son zaƙi, ƙila ta karɓa... Ruwa shi ne mai narkarwa, sukari mai narkewa. Haka Fada ya rubuta a allo a makarantar mishan, ya kuma buga masa rula a yatsu ranar da ya juya su. Shi ma haka ya koyar har kansa ya yi fari: mai yawan ya karɓa, ƙaramin ya shige ciki ya ɓace. Ya ɓace? A'a, yara, yana nan, ku ɗanɗana ku ji —

Wani cokalin. "Malam, shayi ne fa, ba jarrabawa ba," haka take ce masa in ya tsaya share kan cokali da wuƙa. Yau ba ya sharewa. Yau tulawa yake yi.

Ya ɗaga kofin wajen taga. Ga fari nan kwance a ƙasa, ya ƙi tashi. Ruwan ya ƙoshi. Shi fa! Shi da ya san ruwa yana da iyaka. Wannan in ta sha, ƙara mata gudawar zai yi. A zubar? A sake haɗawa...

Ƙahon mota a ƙofar gida.

Kullum a ganinsa shi ne ruwan. Shi ya kawo ta gidan nan, da sunansa ake kwatancen gidan, ita ta shigo ta narke. To wa ke gaida dangi a madadinsa? Wa ke bin mutane da ban haƙuri in ya gyara musu magana a bainar jama'a? A cikin wa ya yi ta yawo shekarun nan, ba a jin kaifinsa?

A ɗakin gwaji sukan ɗora farantin ruwan gishiri a wuta. Ruwa ya tashi ya tafi abinsa. Yara su leƙo... ɓawon gishiri, a bushe, manne da ƙarfe.

Ga su suna fitowa da ita, surukinsa ya tallabe ta, 'yar tana jan jaka.

"Baba, ajiye kofin nan mana. Sai ka ce zai gudu."

Motar ta tashi. Waɗanda suka rage: shi, kyanwar da ba ta taɓa yarda da shi ba, da kajin matarsa, sun taru a ƙafarsa suna jira, shi kuwa bai san inda take ajiye hatsinsu ba.