Jar Saniyar Alhaji Hamidu

Malam Philippe ya jingine kekensa a jikin shingen kara, ya kutsa tsakanin shanu yana ɗage ƙafar wando. Ruwan farko ya sauka a Garwa, kasuwar shanu ta zama caɓi. Alhaji Hamidu dillali yake nema, uban Karimatu, yarinyar da ta fi kowa kai a ajinsa na kolej. Tun makon jiya kujerarta ba kowa, ga jarrabawar ƙarshen shekara ta ƙarato. In jarrabawar ta wuce ta, karatu ya ƙare ke nan.

Ya kuma san shi ya jawo. Littafin lissafin da aka aiko daga Faransa cike yake da ƙanƙara da 'ya'yan itacen da yara ba su taɓa gani ba, shi ya sa Philippe yake ƙirƙiro nasa wasan ƙwaƙwalwa, kowane lokaci da irin nasa. Da kaka auduga ce ake kaiwa Pitowa, da layya raguna. Don yara su ji daɗi, har sunayen iyayensu yake sakawa. To, da damina ta kawo kai sai ya rubuta a allo: Alhaji Hamidu zai haye kogin Binuwai da shanu uku, fara da baƙa da ja, ɗaya ta nutse. Ya jera alamu, ya ce a gano wacce ce. Aji ya ɗauka gaba ɗaya: "Ja ce!"

Ranar kasuwa ta gaba, jar saniyar gidan Alhaji ta ci sabuwar ciyawa, cikinta ya kumbura, da ƙyar wuƙa ta riske ta. Kai, wannan rashin sa'a!

Philippe ya tarar da Alhaji zaune a kan buzu a gindin darbejiya. Aka gaisa da Fulatanci, aka koma Hausa.

"Alhaji, na zo ba da haƙuri ne. Wallahi wasa ne na koyarwa, ban nufi sharri ba."

"Wasa?" Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai mutumin dutse ne, awaki ka sani. Mu nan ko ɗan da ka haifa ba ya nuna saniya da yatsa ya ambaci mutuwa. Kai kuwa ka tara bakin yara aji guda a kan dabba ɗaya."

Maganar ciyawa da kumburin ciki ta zo wa Philippe har leɓe, ya haɗiye ta. Wa zai koya wa dillali ciwon shanu?

"Na yi kuskure. Amma don Allah kada laifina ya shafi yarinyar nan. Ka bar ta ta dawo."

"Ni na hana ta?"



"Da bakina na ce ta tafi, uwarta ta yi faɗa har ta gaji," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa. "Saniyar tata ce, tun tana maraƙa ita ke ba ta dusa. Ta ce kafin kowa ya buɗe baki ita ta fara cewa ja. Yanzu ko kuɗin cefane aka ce ta lissafa sai ta fashe da kuka. Na ce mata kwana ne ya ƙare, ta ƙi ji. Abinci ma sai an matsa."

Tausayi ya kama Philippe har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna yadda ta ɗaga hannu ranar tana murmushi, shi kuma ya ce a tafa mata.

"To me zan yi, Alhaji?"

Alhaji ya waiga, ya matso kusa. "Farar tana da ciki, ta kusa. Kowa a gidan ya sani. Ka sake rubuta irin abin nan naka, amma a ce haihuwa aka yi. Gobe ni zan kawo yarinyar da kaina, ko tana kuka."

Shekara da shekaru Philippe yana gaya wa yara cewa alli ba ya kashewa, ba ya rayawa, hujja kawai ake bi. Yanzu ga shi ana so ya yi magani da allo. Ya kalli taɓon da ya ɓata masa takalmi.

"Zan rubuta."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya ja kekensa ya fito titi, bai hau ba. Yana tafe yana jera alamu a ka: fara, baƙa, wadda ta sha ruwa da safe, wadda ba ta bi garke ba. Na farkon da ya haɗa ya watsar, ya yi sauƙi, Lukmanu, ɗan ajin mai karambani, zai cafke shi kafin a gama karantawa. Dole ya ƙulla mai wuya sosai, wanda duk ajin ba mai iya kwance shi sai ita.