'Yar Kebbe Ta Ƙi Fure

Ganye dai, ganye kamar an aiko shi. Dikko ya tsaya a tsakar gida da jarka a hannu, yana bin rassan da ido tun daga gindin katanga har inda suka leƙa titi, yana neman ja ko da ƙwaya ɗaya. Babu. Kore ne shar mai sheƙi, irin wanda da a gonar gero ya gan shi, da ya koma gida yana wa Allah godiya.

Itaciyar fulawa ce mai yaɗo, mai ƙaya, furenta ja ne mai kaushin takarda. Matarsa Marka ce ta zo da reshenta daga gidan ubanta a Kebbe, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, shekarar da aka kawo ta. Don haka kowa 'Yar Kebbe yake ce wa itaciyar. Duk rani, in Tambuwal ta bushe ƙayau, sai katangar Dikko ta yi ja wur, har 'yan acaɓa kan yi kwatance da ita: gidan mai jan fure. Shi kuwa yana zaune a dakalinsa na ƙofar gida, yana amsa yabo kamar shi ya yi aikin.

Marka ta rasu farkon daminar bara. Tun daga nan 'Yar Kebbe ta ɗauke fure ɗif.

Kada wani ya ce Dikko ya yi sakaci. Manomi ne ɗan manomi, kuma abu ɗaya ya sani tun yana goye: shuka sai da ci da sha. Ya haƙa mata kwari a gindi don ruwa ya kwanta, ya mirgine wani faffaɗan dutse da ya tare masa wuri, ya yar da shi bayan rumbu. Jarka huɗu yake juye mata kowace safiya. Ya zuba takin tumaki, ya bi da toka, ya rage wa gonarsa takin zamani ya kawo mata. Itaciya ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi ƙiba, ta yi rassa kamar cinyar yaro, ta mayar masa da ganye. Da aka ce masa baki ne, ya karɓo tofi ya yayyafa. Da aka ce ƙwari ne, ya yi feshi. Shiru kake ji.

Abin ya ɗaure masa kai ƙwarai. Ya noma gero, ya noma dawa, ya noma wake shekara hamsin, bai taɓa ganin shukar da za a yi wa alheri ta juya baya ba. Wani lokaci har yakan tsargu ko fushi take yi da shi, sai ya yi istigfari, don ya san itace ba ya fushi. Amma kewar Marka na cin sa, kuma a ransa ya ƙudurta cewa in ya ga jan nan sau ɗaya, zai san bai bar amanarta ta lalace ba.

Katangar ƙasa kuwa ba ta san wannan zance ba. Ruwa ya jiƙa ta daga ƙasa, nauyin rassa ya danne ta daga sama, daminar bana ta tsage ta gida biyu. Ranar Talata, bayan an gama kai gero rumbu, ɗansa Nu'umanu, wanda ke aiki a sakatariya, ya shigo ya durƙusa gabansa.

"Baba, katangar ga faɗuwa za ta yi. Na yi magana da magina, ran Assabar za su zo. Sai an tumɓuke iccen ga kana a aza bulo."

"Ka bari ta yi fure ko sau guda."

"Shekara guda da rabi kana jira, Baba. In ta faɗa ma ɗiyan mutane suna wucewa fa?"

Gaskiya ɗaci gare ta, balle daga bakin ɗanka.

Washegari Dikko ya hau motar Kebbe. Can akwai Batula, yayar Marka, tsohuwar da ta rage a gidan ubansu, kuma can uwar itaciyar take. Yana sallama ya shiga, sai ya tsaya cak. Ga uwar itaciyar nan ta haye wata busasshiyar bishiya, gindinta cikin tsakuwa da fasassun tukwane, awaki sun gwaguye ganyen ƙasa, ƙasar wurin ta tsattsage don ƙishi. Sama kuwa ja ne har ba a ganin ganye. Dikko ya ji kansa ya ƙara kullewa.

Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaciya, ya zayyana wa Batula duk abin da ya yi. Tsohuwa ta yi dariya har da tari.

"Jarka fuɗu! Dikko, shinkafa kaka nomawa?"

"To Yaya, ku mi kuka ba taku?"

"Mi za mu ba ta? Wagga in ta ƙoshi ba ta fure. Sai ta ji ƙishirwa, ta ji lauje."

"To ita Marka, mi taka yi mata?"

Batula ta daina dariya. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Kai da kunka zauna shekara talatin da bakwai, ni kaka tambaya? Gindin iccen taka alwala, bisa dutse, kamar yadda innarmu ta yi nan. Abin da ya zubo daga buta shi na rabonta. In damina ta ɗauke, ta sa lauje ta sassabe ta, ta shinge ramarta da ƙayar. Shi ke nan fa."

A hanyar dawowa Dikko ya yi ta juya maganar Batula a ransa. Kiran salla yakan tashe shi daga dakali zuwa masallaci, in ya shigo gida Marka ta riga ta idar, tana kan tuwo ko kan tsefe. Shekara talatin da bakwai yana kallon fure, bai taɓa ganin hannun da ke fitar da shi ba. Dutsen da ya yar bayan rumbu ma, ashe mazauninta ne. Kunya ta kama shi, irin wadda babu mai gani sai kai da Ubangijinka. Kuma har lokacin bai gane ba: ta yaya za a ce hana abu shi ne kula da shi?

Ranar Alhamis ya ɗauki jarka bisa sabo, ya kai har gindin itaciyar, ya tsaya, ya koma da ita cike. Ranar Juma'a bayan an sauko ya wasa lauje da adda. Ya sare rassan da ya shekara yana kiwo, ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na tsaga masa hannu, zuciyarsa na ce masa ɓarna yake yi. Ya kwashe takin, ya cike kwarin da tsakuwa, ya mirgino dutsen ya mayar da shi mazauninsa. Daga nan ya shiga ɗakin da ya daɗe bai buɗe ba, ya fito da butar Marka, ta roba, shuɗiya, wadda ta ɗaure murfinta da zare.

Ranar Asabar sauke bulo ya ci safiya. Sai da aka kira azahar Nu'umanu ya shigo da Rufa'i, babban magini, da igiyar awo da diga. Suka tarar da 'Yar Kebbe ta koma kututture da 'yan rassa biyar, tsirara. Dikko na bisa dutse, ya naɗe hannun riga, yana wanke ƙafa, ruwan na ɗiga cikin tsakuwa.

Nu'umanu ya tsaya. Ya dubi butar, ya dubi dutsen.

"Nan Inna ka zama," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Dikko ya ɗago. "Ashe ka sani?"

"Kowa ya sani, Baba."

Rufa'i ya yi gyaran murya, don shi aiki ya kawo shi. Ya auna da ido, ya ce tushen bulo daidai kan saiwar zai bi. In ana son a bar ta, sai dai a ja igiya waje kamu biyu, a cinye dakalin ƙofar gida.

"Baba, nan kaka zama da mutane," in ji Nu'umanu. "Kuma ba mu da tabbas za ta yi furen."

"Ba mu da shi," in ji Dikko. "A cinye dakalin."

Magini ya fita da igiyarsa. A masallaci an kusa tayar da iƙama. Dikko ya miƙe, ya saka takalmi, ya miƙa wa ɗansa butar. Nu'umanu ya tattare babbar rigarsa ya zauna bisa dutsen, ya karkata butar, ruwa ya zubo da ƙarfi.

"Sannu-sannu," in ji Dikko. "Uwarka ba ta ɓarnar ruwa."