Lemun Tsami a Ƙarƙashin Sabuwar Mota

Ban so 'yata Thenmozhi ta shiga sabuwar motar nan ba, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Jirgin ruwan da ya ɗauko motar daga Turai ya yi ta yawonsa a teku har ya cinye makonnin da aka ware don gwaji. Motar ta iso garejinmu a Coimbatore ranar bikin kayan aiki, tseren rufe shekara kuwa jibi ne, a filin da ke kusa da Chennai. Shirin manajan ƙungiyarmu shi ne a ɗora ta a tirela da yamma, gobe da sassafe alƙalan tsere su duba ta, Thenmozhi ta ɗan zaga da ita, jibi ta fafata. Motar da ba wanda ya san halinta, da 'yata tilo a ciki.

Da can maganata tana da nauyi a ƙungiyar tserenmu ta Noyyal, don mu uku ne kacal. Ni, malamin adabi mai riƙe agogon auna gudu. Marappan, ƙanin matata, mai gyaran injin ban ruwa, wanda ya yanke rufin wata tsohuwar mota ya ce ta zama ta tsere. Sai matata Sornam, wadda ke ciyar da mu, take kuma hana mu kashe juna. A rumfar kwano muka fara, bayan shagonsa, muna zuwa tsere a wani tsohon filin jirgi. Shekarar farko mun zo na ƙarshe. Ta biyu mun ci gaba, domin wani ya kife. Daga nan wani mai masaƙa ya liƙa sunansa a ƙofar motar, kanikawa suka ƙaru, rumfa ta zama gini mai gilashi, aka ɗinka wa kowa riga iri ɗaya. Ni ma an ba ni riga. Kujerata ce dai aka yi ta matsarwa har ta kai bakin ƙofa.

Sornam ce ke tsayawa kan bikin kowace shekara. A wanke sifana da guduma da jak, a ɗiga musu kwaɓin turaren sandal da jan gari, a jera su kan ganyen ayaba tare da gugurun shinkafa da mazarƙwaila, kuma ba mai sake taɓa su sai gari ya waye. Duk motar da za ta fita kuwa, sai ta taka lemun tsami, ɗaya a ƙarƙashin kowace taya. Na shafe rayuwar aurena ina yi mata ba'a. Na karanta littattafai da yawa, ban ga inda aka ce ƙarfe yana gajiya da aiki har ya nemi hutu ba. Takan ce, "Je ka karanta wani." Bara ta rasu, a kan gadon asibiti, duk da lemukan da ta matse wa mutane.

Da safiyar nan an riga an jera kayan aiki, gareji ya cika da hayaƙin turare. Kanikawa suka turo sabuwar motar da hannu, ja, ƙasa-ƙasa, kamar an taka ta. Manaja Srivatsan, yaron kirki mai yawan duba agogo, ya ce a wuce da ita tirela kai tsaye.

"Ba ta taka lemo ba," na ce.

Marappan ya juyo da ƙafarsa mai ɗingishi, kyautar da filin jirgin ya ba shi. "Suruki, kai ne ko wani ya ari bakinka?"

"Ni ne."

"Kai da ka ce lemo na miya ne?"

"Har yanzu na miya ne. Yayarka dai ba ta taɓa barin mota ta fita haka ba."

Gaskiyar magana, ba lemon ne a raina ba. Lokaci nake nema, ko da ɗan kaɗan, kamar mai jan hira a tasha don kada baƙonsa ya hau mota.

"Malam," in ji Srivatsan cikin ladabi, "sai an zuba mai, an tayar da inji, an ɗumama shi. Muna iya yi a can."

"A can akwai mai sayar da lemo?"

Thenmozhi ta yi dariya. Dariyar uwarta ce, abin da ya sa ba na son jin ta da safe. "Ku bar Baba ya yi. Yau rana ce, arne ya tuba. Kawu, ɗauki hotonsa."

Na fito da lemuka huɗu daga aljihu. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na sa ɗaya a gaban kowace taya. Aka zuba mai, inji ya tashi da rurin da ya girgiza gilashin ginin. Thenmozhi ta zura jiki ciki, ko hular kwano ba ta sa ba, ta sa giya, motar ta motsa a hankali. Lemuka suka fashe. Kanikawa suka tafa.

Motar ba ta tsaya ba.

Na ga kafaɗar 'yata tana motsi, tana ta taka birki. Da saurin tafiyar tsohuwa motar ta ratsa tsakar gareji, ta bi ta kan ganyen ayaba, ta watsar da gugurun shinkafa, ta je ta sa hanci a tulin tsofaffin tayoyi da ke jikin bango. Thenmozhi ta kashe inji. Ba a jin komai sai wata kwakwa daga kayan bikin da ke gangarawa.

"Birkin ya tafi har ƙasa," ta ce. Muryarta ba ta yi rawa ba. Ni kuwa na nemi kujerata ta bakin ƙofa.

Babban bakanike ya kwanta ya leƙa. Man birki na ɗiga daga wani tiyo da ya tsage, wataƙila tun a jirgi. Srivatsan ya share goshi. "Da mun gano gobe, kafin ta fita," ya ce. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne, ba sakarai ba ne. Ni dai na san kwanar farko ta filin tseren, na san bangon da ke bayanta.

"Aikin awa nawa ne?" ya tambaya.

"Ba yawa," in ji bakaniken, yana kallon sifanonin da ke kwance da jan gari a goshinsu. "Gobe."

"Gobe da sassafe alƙalai ke rufe dubawa."

"To."

Srivatsan ya dubi Marappan. Marappan ya dubi rufi. Sai Srivatsan ya dube ni, yana tsammanin mai karatu zai goyi bayan hankali.

"Kayan aiki suna hutawa," na ce. "Ba a taɓa su."

Marappan ya yi dariya har da tari. "Yaya Sornam, kina ji? Sai da kika tafi ya koyi karatu!"

Thenmozhi ta fito daga motar, ta kakkaɓe guguru daga wandonta. Ta daɗe tana kallon jar motar, irin kallon da yaro ke yi wa alewar da ta faɗi ƙasa. Na san abin da take so. Da tsohuwar motar da ta saba tuƙawa ba za ta ci tseren ba, kowa ya sani.

"Ko da an gyara yanzu, ban san me kuma jirgin ya taɓa ba," ta ce. "A ɗora tsohuwar."

Tsohuwar shuɗiya ce, ta yi shekaru tana ɗauke da ita, na san kowace ƙararta kamar tarin maƙwabci. Aka turo ta. Thenmozhi ta miƙo mini hannu.

"Baba, saura lemo?"

Akwai. Uwarta kullum takan sayi ninki, ni kuma da na je kasuwa hannuna ya yi yadda ya saba gani. Na sake durƙusawa. Shuɗiyar ta taka, lemuka suka fashe, Thenmozhi ta taka birki, motar ta tsaya cak, har ta ɗan sunkuya.

Marappan ya kawo mini guguru a tafin hannu, wanda ya tsinto daga ƙasa.

"Ci, suruki. Mai albarka ne."

"Mota ta taka shi."

"Gefensa ta taka."

Na ci. Akwai ɗan ƙasa a ciki, da warin mai. Tun rasuwar Sornam ban ci abin da ya sauka lafiya haka ba.